Tiyatar Ƙwaƙwalwa da Laka da Jinyar da Ke Biyo Bayanta: Rabon Asibitin Karkara da na Iyali a Ƙasar Babura

1.0 GABATARWA

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin aikin tiyatar da ake yi wa ƙwaƙwalwa da laka, da irin jinyar da maras lafiya yake bukata kafin aikin da kuma bayansa. An gina bayanin a kan halin da mutanen Babura da maƙwabtansu na Kazaure da Roni da Gwiwa suke ciki, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Babura tana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, tsakaninta da birnin Kano kuwa akwai tafiyar fiye da kilomita 100. Kano ita ce babbar cibiyar da mutanen wannan yanki suka fi dosa idan bukatar irin wannan aiki ta taso.

Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, aikin da likita yake yi a ɗakin tiyata ba ya wuce 'yan sa'o'i, amma amfaninsa ya rataya ne a kan abubuwa biyu da ke faruwa nesa da ɗakin. Na farko, yadda aka ɗauko maras lafiya daga inda ya ji rauni har zuwa asibiti. Na biyu, yadda aka yi jinyarsa a watannin da suka biyo bayan sallama. Duka biyun suna hannun asibitin karkara da iyalin maras lafiya ne.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Tun da da Hausa ake wannan bayani, ya kamata a daidaita wasu kalmomi tukuna. Ƙwaƙwalwa ita ce ke cikin ƙoƙon kai, nauyinta a babban mutum bai cika kilo ɗaya da rabi ba. Laka kuwa ita ce igiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa cikin ƙashin baya. Shi ƙashin baya jerin ƙasusuwa ne guda 33: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sun haɗe a can ƙasa. Daga laka jijiyoyi 31 suke fita ta kowane gefe, su ne ke kai saƙon motsi ga gaɓoɓi, su kuma dawo da saƙon ji.

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa uku: hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma hanyar saƙo. A nan za a riƙa cewa jijiyar jini da jijiyar saƙo domin a bambanta su. Akwai kuma kalmar gashi, wadda jama'a suke kiran sashen motsa gaɓoɓi na asibiti da ita. Wannan suna yana da haɗari, gama yana sa mutane su ɗauka cewa zafi shi ne maganin shanyewar jiki. Za a koma kan wannan a sashe na 6.

3.0 TAƘAITACCEN TARIHI

Wata takardar likitanci da aka rubuta a ƙasar Masar wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) ta siffanta mutumin da ƙashin wuyansa ya goce, hannuwa da ƙafafu suka mutu, fitsari yana zuba, ta kuma sa shi cikin jerin ciwon da ba a yi masa magani. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin karayar ƙoƙon kai da taruwar ruwa a kan jarirai a cikin littafinsa At-Tasrif. Amma tiyatar ƙwaƙwalwa ba ta zama fanni mai zaman kansa ba sai a farkon ƙarni na 20, a hannun Harvey Cushing na Amurka (1869-1939).

Cushing ɗin nan ya ba da rahoton cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kimanin 8 cikin 10 na sojojin Amurka da suka ji rauni a laka sun mutu cikin 'yan makonnin farko. Abin da ya juya wannan al'amari ya faru ne a 1944, lokacin da Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila. Ya lura cewa gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su ne ke kashe yawancin marasa lafiyarsa. Sai ya sa dokar juya kowa bayan sa'o'i biyu dare da rana, da tsabtace hanyar fitar da fitsari, da tilasta motsa jiki. Mutanen da a da ake jiran mutuwarsu suka rayu shekaru, wasu suka koma sana'a. Darasin wannan tarihi ga ƙasa irin Babura shi ne, mafi yawan abin da Guttmann ya yi ba ya bukatar na'ura mai tsada.

A Nijeriya, Latunde Odeku ne ya fara kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan cikin 1962. A Arewa, Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafa cibiyar wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Kano kuwa ana yin aikin ƙwaƙwalwa da laka a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ana kuma yin aikin ƙashin baya a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ya fara aiki a 1959.

4.0 CIWACE-CIWACEN DA KE KAI GA TIYATA

4.1 Rauni a kai

Ƙoƙon kan babban mutum rufaffen akwati ne, ba ya buɗewa. Idan jini ya taru a ciki, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, babu inda za su nufa sai su danne ƙwaƙwalwar. Akwai wata jijiyar jini da ke bi ta ƙarƙashin ƙashin da ke gaban kunne. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, mutum yana iya suma ya farfaɗo, ya yi magana, har ya ce a kai shi gida, sa'an nan bayan 'yan sa'o'i barci mai nauyi ya kwashe shi, daga nan sai mutuwa. Aikin likita a nan shi ne ya buɗe ƙashin, ya kwashe jinin, ya tsayar da zubarsa. Idan an yi haka da wuri, sau da yawa mutum yana warkewa sarai.

Akwai kuma jinin da ke taruwa sannu a hankali a kan tsofaffi, makonni bayan wata 'yar faɗuwa da kowa ya manta da ita. Dattijo zai fara mantuwa, tafiyarsa ta canza, ɓari ɗaya ya yi nauyi. Iyali sukan ce tsufa ne ko kuwa shafar iska. Alhali ƙaramar huda ɗaya ko biyu a ƙoƙon kai ta isa a zubar da jinin, dattijo ya dawo hayyacinsa. Na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta siti-sikan, wadda aka fara gwadawa a kan maras lafiya a Landan cikin 1971, ita ce ke nuna waɗannan abubuwa a fili.

4.2 Karayar ƙashin baya

Haɗarin babur da mota shi ne babban sanadi. A karkara akwai ƙarin wasu: faɗowa daga bishiya wajen saran ganye ga dabbobi, faɗawa rijiya, kifewar amalanke, da rushewar katangar ƙasa da damina. Idan laka ta ji rauni a wuya, hannuwa da ƙafafu duka suna shanyewa, wani lokaci har numfashi. Idan a bayan ƙirji ne ko ƙugu, ƙafafu ne ke mutuwa. Ko ta ina ne, riƙon fitsari da bayan gida yakan tafi.

Likita yana cire abin da ya danne laka, ya ɗaure ƙashin da ƙusoshi da sandunan ƙarfe domin maras lafiya ya iya zama da wuri. Bincike ya nuna cewa yin haka cikin sa'o'i 24 ya fi amfani. Sai dai wajibi ne a faɗa wa iyali gaskiya tun farko: idan laka ta yanke gaba ɗaya, tiyata ba ta haɗa ta. Rashin wannan bayani ne ke sa iyali su sayar da gona da bisashe suna yawon neman maganin da babu shi.

4.3 Jarirai da yara

Ƙwaƙwalwar babban mutum tana samar da ruwa kusan rabin lita a kullum, yana zagayawa jiki yana shanye shi. Idan hanyarsa ta toshe a jariri, kai yana girma fiye da ƙima, maɗiga ta kumbura, idanu su koma kallon ƙasa. Ana yi masa aiki iri biyu. Ko dai a sa siririyar roba daga kai zuwa ciki, ko kuma a buɗe wa ruwan sabuwar hanya da madubin likita. Benjamin Warf, wanda ya yi aiki a garin Mbale na Uganda daga 2000, ya gano cewa fiye da rabin jariran da ya duba sun sami ciwon ne bayan wata cuta da ta kama su suna ɗanyen goyo. Wannan ya shafe mu, domin ƙasarmu tana cikin yankin sanƙarau. Annobar 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000.

Wasu jariran kuma ana haifarsu da ƙari a gadon baya, inda laka ba ta rufe ba. Ana so a rufe wurin cikin kwana biyu ko uku kafin ƙwayoyin cuta su shiga. Wani bincike da aka buga a Ingila a 1991 ya tabbatar cewa ƙwayar folik asid tana rage aukuwar wannan ciwo ƙwarai. Amma laka tana gama rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, tun kafin yawancin mata su fara zuwa awo. Saboda haka tun kafin samun ciki ya kamata a fara shan ƙwayar.

4.4 Tarin fuka na ƙashin baya

Ƙwayar tarin fuka tana cin ƙashin baya har ya lotsa, doro ya fito, ƙafafu su fara rauni. Percivall Pott ya siffanta wannan a 1779. Yawancin masu shi magani kawai suke bukata, na tsawon watanni har zuwa shekara, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. Tiyata tana shigowa ne idan laka ta danne. Duk mai ciwon baya na watanni tare da rama da zufar dare, a asibitin garinsu ya kamata a fara zarginsa da wannan ciwo.

5.0 KAFIN A ISA KANO

Yawan ɓarnar da ake yi wa laka tana aukuwa ne wajen ɗauka. Jama'a sukan ruga da niyyar taimako, wani ya kama hannuwa wani ƙafafu, a naɗe mutum a kujerar mota ko a ɗora shi a babur. Ƙashin da ya karye bai taɓa laka ba yana iya yanke ta a wannan lokaci. Hanyar da ta dace ita ce mutum huɗu su haɗu, ɗaya ya riƙe kai da wuya kada su motsa, uku su mirgina jikin gaba ɗaya kamar gungume, a shimfiɗe shi a kan katako ko ƙyauren ƙofa, a tokare kan da tufafi ta kowane gefe. Haka nan kuma ba a kai mai karayar baya wurin maɗori. Maɗora suna da gurbinsu a cikin al'umma, amma ja da murzar da ake yi wa hannu ko ƙafa suna halaka laka.

A babban asibitin Babura ko na Kazaure, abin da ya fi kome shi ne a tabbatar maras lafiya yana numfashi sosai, jininsa kuma bai faɗi ba, domin ƙarancin iska da faɗuwar jini suna ƙara lalata ƙwaƙwalwar da ta riga ta ji rauni. Sa'an nan a auna hayyacinsa da ma'aunin Gilasgo, wanda Teasdale da Jennett suka fito da shi a 1974. Ana duba buɗe ido da magana da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Wanda ya sami 8 ko ƙasa da haka rauninsa mai tsanani ne. A rubuta makin da lokacin da aka auna, a maimaita, domin raguwarsa ita ce babbar alama. Sauran alamun gaggawa su ne amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, farfaɗiya, bambancin girman ƙwayar idanu, da ɗigar ruwa garai daga hanci ko kunne. Wani babban bincike na 2004 ya nuna cewa allurar sitiroyid tana ƙara mace-macen masu rauni a kai, don haka an daina ba su. Daga ƙarshe, a buga waya asibitin da za a je kafin mota ta tashi, a kuma haɗa maras lafiya da takarda da ma'aikacin jinya.

6.0 JINYA BAYAN SALLAMA

6.1 Fata

Fatar da ba ta ji ba ta gaya wa mai ita ya juya. Kwanciyar 'yan sa'o'i a kan tabarma ta isa ta fara gyambo a tsatso ko kwatangwalo ko diddige, gyambon kuma yana iya ci har ƙashi. A juya maras lafiya bayan kowace sa'a biyu, a raba aikin dare tsakanin mutanen gida, a samar masa katifa mai taushi da busasshiyar shimfiɗa. A duba fatar safe da yamma. Duk inda ta canza launi ko ta yi tauri, a ɗauke nauyi daga wurin.

A nan ne haɗarin kalmar gashi yake bayyana. Tsumma mai zafi, da ruwan zafi, da kaskon wutar da ake ajiyewa kusa da ƙafa lokacin hunturu, duka suna ƙona fatar da ba ta ji ba tare da mai ita ya sani ba. Tsaga da ƙaho su ma suna buɗe wa cuta ƙofa. Da bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mai ciwon laka ba ya yin zufa a ƙasa da inda ya ji rauni, saboda haka yana bukatar inuwa da yayyafin ruwa.

6.2 Fitsari da bayan gida

Fitsarin da ya zauna a mafitsara yana haifar da cuta, ya koma ya lalata ƙoda. A 1972 Jack Lapides ya nuna cewa maras lafiya ko mai jinyarsa yana iya zura tsabtatacciyar roba sau huɗu zuwa shida a rana ya zubar da fitsarin ya cire ta, da wankin hannu da sabulu kawai. Ga wanda ya iya, wannan ya fi barin roba a jiki makonni. Bayan gida kuwa a tsayar masa da lokaci ɗaya, a yawaita ruwa da ganye. Wanda rauninsa yake wuya ko saman ƙirji, idan ya kamu da matsanancin ciwon kai da zufar fuska farat ɗaya, jininsa ne ya hau, galibi saboda robar fitsari ta toshe. A zaunar da shi nan take, a duba robar.

6.3 Gaɓoɓi, magana da hali

Gaɓar da ba a motsa ta tana ƙagewa. A lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe ta sau biyu a rana, a hankali, kamar yadda ma'aikacin motsa gaɓoɓi ya nuna. Sanduna biyu da aka kafa a tsakar gida sun isa wurin koyon tsayuwa da taku. Mafi yawan sauƙin da ake samu bayan raunin ƙwaƙwalwa yana zuwa ne a watanni 6 na farko, don haka ba a jinkirta wannan aiki. Mai wahalar haɗiya a zaunar da shi kafin a ba shi abinci, kunu mai kauri kuma ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya. Wake da ƙwai da nono da gyaɗa suna taimaka wa rauni ya cike.

Wanda aka yi wa aikin ƙwaƙwalwa yana iya dawowa da saurin fushi, ko mantuwa, ko rikicewar magana. Wannan daga raunin ne, kuma sanin haka yana hana iyali su ɗauka raini ne ko aljanu. Idan an ba shi maganin farfaɗiya, kada a yanke shi ba da izinin likita ba. Jaririn da aka sa wa roba a kai, idan ya fara amai da yawan barci, a mayar da shi asibiti a ranar, gama robar tana toshewa.

6.4 Mai jinya

Galibi nauyin jinya yana faɗawa kan mace ɗaya, mata ko uwa, wadda sau da yawa ba ita aka yi wa bayani a asibiti ba, domin maza ne suka raka maras lafiya Kano. Lalle ne a koyar da wanda zai yi aikin da hannunsa, a kuma lura da kunyar da ke tsakanin dangi wajen zaɓen mai wanki da sa roba. Malaman addini suna da rawar takawa. Shari'a ta yi sauƙi ga maras lafiya wajen taimama, da salla a zaune ko a kwance, da hukuncin mai yoyon fitsari, da ajiye azumi. Mai ciwon laka da ya rage shan ruwa don gudun najasa ƙodarsa yake cutarwa.

7.0 SHAWARWARI

(a) A koya wa direbobin tasha da 'yan acaɓa da 'yan sintiri yadda ake ɗaukar mai rauni. A kuma ƙarfafa sa hular kwano, wadda bincike ya nuna tana rage raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100.

(b) Manyan asibitocin Babura da Kazaure su sami tsayayyar hanyar tuntuɓar likitocin Kano ta waya, da takardar turawa iri ɗaya mai ɗauke da makin Gilasgo.

(c) Kada a sallami maras lafiya sai mai jinyarsa ya gwada juyi da sa roba da motsa gaɓoɓi a gaban ma'aikaci. A ba shi bayanin a rubuce da Hausa, boko da ajami.

(d) Ma'aikatan lafiya na matakin farko a Roni da Gwiwa da ƙauyukan Babura su riƙa ziyartar waɗannan gidaje, su kuma riƙa auna kan jarirai a ranar rigakafi.

(e) Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, da Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, su haɗa kai da masu walda wajen ƙera keken da zai iya tafiya cikin rairayi, tare da matashin zama mai hana gyambo.

(f) A aiwatar da dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta yadda makaranta da masallaci da kasuwa za su shigu ga mai keke.

(g) Masana harshe da likitoci su zauna su tsayar da kalmomin wannan fanni, musamman wadda za ta maye gurbin gashi.

8.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan maƙala cewa tiyatar ƙwaƙwalwa da laka tana ceton rai, tana kuma da iyakar da ba ta wucewa. An nuna kuma cewa ɗauka da kyau, da turawa da wuri, da juyi, da tsabtar fitsari, da motsa gaɓoɓi, su ne ke tabbatar da amfanin aikin likita ko su rushe shi. Horar da likitan wannan fanni yana cin shekaru masu yawa bayan digirin farko, amma horar da direba da ma'aikacin lafiya da mai jinya abu ne na kwanaki ko makonni. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana fata mahalarta za su tattauna yadda za a raba wannan aiki tsakanin Kano da Babura, da kuma wanda zai ɗauki nauyin kowane kashi.